Lallen Ƙafar Inno

Akuya ce ta jawo komai. Inno ta shanya shinkafar nakiyar gara a tsakar gidanta da ke Gwandu, ta shiga ɗaki ɗauko faifai, kafin ta fito wata jar akuyar maƙwabta ta zura baki tana ci hankali kwance, kamar ita aka shanya wa. Mace mai shekarun Inno kamata ya yi ta tsaya daga bakin ƙofa ta daka tsawa. To amma Inno ba ta taɓa yarda ta tsufa ba. Ta yi kukan kura ta bi akuya, ta taka inda aka zubar da ruwan wanke-wanke, ƙafar dama ta gurɗe, sai ga ta zaune daɓas a ƙasa. Akuyar ma ba ta yi nisa ba, ta tsaya a bakin zaure tana tauna tana kallonta.

Kafin la'asar idon sawun ya kumbura suntum, ƙashin ma ba a ganinsa. Ciwon bai dame ta ba kamar lissafin da take yi a zuci, domin bikin jikarta Halimatusa'adiya ya zo bakin ƙofa. Yarinyar nan tun tana cikin tsumma uwarta, ɗiyar Inno, ta rasu, Inno ta ɗauke ta, ta goya ta, ta yi mata tsarkin kashi, ta raka ta makaranta har ta zama malamar firamare. Yanzu ga shi ta kawo wanda take so da kanta, Ubaidullahi, manomin shinkafa a Wurogauri, can bayan Kalgo. Burin Inno a duniya guda ne, ta riƙe hannun yarinyar nan ta shigar da ita ɗakinta da kanta. Ga shi kuma ruwan bana ya cinye hanyar garin, mota a bakin fadama take tsayawa, sauran tafiyar a ƙasa ake yin ta, a kan kunyar da ta ratsa gonakin shinkafa.

Sannan ga Abu, gwaggon amarya, yayar ubanta. Abu ba muguwa ba ce, mace ce dai mai son a yi komai bisa ƙa'ida, kuma tun da aka sa rana take faɗa a wurare cewa kai amarya aikin dangin uba ne, kara kawai aka yi wa tsohuwa. Inno ta san ranar da Abu ta gan ta tana ɗingishi, karar ta ƙare.

Halimatusa'adiya ce ta kira Ruth a waya. Ruth 'yar Malam Matiyu ce, malamin makarantar da ya zo daga Zuru ya kama haya a jikin katangar Inno tun yaran suna rarrafe. Tare suka tashi da amarya, kwanonsu ɗaya, dukansu ɗaya in sun yi ɓarna. Yanzu tana aiki a sashen gashin ƙashi na wani asibiti a Kalgo. Washegari da ta tashi aiki ta hawo mota ta zo, ta durƙusa ta gaida Inno, ta ɗora ƙafar a cinyarta tana dannawa wuri-wuri tana kallon fuskar tsohuwa.

“Nan da zahi, Inno?”

“Babu.”

“Nan hwa?”

“Babu.”

“To mi ya sa kika damƙe mani kahwaɗa haka?”

Inno ta saki kafaɗar ta kau da kai. Ruth ta sa ta tashi ta ɗan taka, ta sake laluba ƙashin ta kowane gefe, sannan ta ce ba karaya ba ce, targaɗe ne, amma in zafin ya ƙaru dole a je a ɗauki hoto. Ta buɗe jaka ta fito da wani naɗin filasta mai ruwan hoda shar, irin wanda 'yan ƙwallo ke mannawa a gwiwa, yana miƙewa in an ja shi kamar roba. Ta wanke ƙafar da sabulu ta goge ta bushe. Ta yanko guda biyu, ta tsattsaga kowanne ya yi 'yan yatsu kamar tafin hannu, ta manna gindinsu a ƙwauri, ta baza yatsun a kan kumburin, na hagu suna haye na dama kamar saƙar faifai. Ta yanko wani dogo ta bi da shi ƙarƙashin diddige ta haura da shi gefe da gefe, ta murza da tafin hannu har ya ɗauki ɗumi ya kama.

“Wanga ba tsahi na ba, Inno,” in ji Ruth. “Shina ɗan ɗaga hwata, kumburi shi samu hanyar sauka, shi kuma riƙe maki gaɓar. Sauran aikin naki na. Ki zamna, ki ɗora ƙahwa bisa matashi. Kar ki shahwa mai, kar ki ɓare shi.”

“Alwala hwa?”

“Ruwa ba ya cire shi. Ki dai tsane da ƙyalle, kar ki goga.”

Inno ba ta gamsu ba sai da ta aika aka tambayo liman, ya ce in cirewa zai cutar ta shafa a kai ya wadatar. Daga nan ta tara mutanen gidan ta kafa doka: duk wanda ya furta kalmar targaɗe a gaban baƙi, ita da shi ne.

Abin mamaki, ta bi umarnin Ruth, abin da ba ta taɓa yi wa wani likita ba. Ta kafa mulkinta daga kan tabarma a rumfa, ƙafa bisa matashi, baki yana aiki. Kumburi ya riƙa sauka, ƙashin idon sawu ya fara leƙowa, har takan zaga bayan gida ba sanda in ta tabbatar ba mai kallo. Ana jibi biki Ruth ta sake zuwa ta canza mata sabo, ta bar sauran naɗin da almakashi a kan taga ko da baki zai ɗaga, ta ce ita ranar kai amarya tana bakin aiki, ba wanda zai karɓe ta. Inno ta sa mata albarka har sai da Ruth ta ji kunya.

Baƙi suka fara sauka, kuma abu mai ruwan hoda a ƙafar tsohuwa ba ya ɓoyuwa. Abu ce ta fara tambaya, tana tsaye da mayafi a kafaɗa.

“Inno, mi na na ga ƙahwarki?”

Inno ko gezau. “Ado na. Sabon yayi na birni, ɗiyar Malam ta kawo mani. Ku da ba ku hita ina za ku sani?”

Mata suka kewaye ƙafar suna yabawa. Inno ta ji daɗin ƙaryarta ƙwarai, har ta ƙara mata gishiri, ta ce matan manya a Birnin Kebbi duk shi suke yi. Cikin masu sauraro akwai Dije mai lalle, wadda ta iso daga Masama da safiyar nan da ƙullin lallenta da ledoji. Dije ta yi shekaru tana yanka salatif da reza tana manna wa mata a ƙafa, ta shafe da lalle, in ya kama ta ɓare zane ya fito. Ta durƙusa ta ƙura wa yatsun filastar nan ido, ta ga yadda suka haye juna tsaf, ta jinjina kai. A ranta ta ce lallai wanda ya yanka wannan zanen gwani ne, saura kawai a zuba masa lalle.

Bayan azahar, an gama yi wa amarya nata, gida ya ɗan lafa, barci ya sace Inno a rumfa. Ga ta kwance, ƙafa a kan matashi, zane ya ɗan ja sama. Duk wadda ta san sana'ar Dije ta ga mace a haka, ta san jiran me take yi. Dije ta ga bai kamata a tashi tsohuwa ba, ta kwaɓa lallenta mai kyau, wanda take ɓoye wa manya, ta bi ƙafafun nan biyu a hankali ta shafe har sama da idon sawu, ta naɗe da leda ta ɗaure.

Da Inno ta farka ta ga ƙafafunta cikin leda, ta yi 'yar mita don kar a ce ba ta yi ba, amma a ranta ta ji daɗi. Ta ɗauka tafin ƙafa da yatsu aka yi mata irin na tsofaffi. Ta ci gaba da ba da umarni daga zaune. Can da yamma, tana tsakiyar musu da masu tuƙin tuwo a kan yawan kukar da za a kaɗa, Dije ta zo da ruwa a roba ta kwance leda ta wanke. Hannun Dije ya saba, ba ya jira. Ta kama bakin filasta ta ɗaye shi tas, kafin Inno ta juyo ya riga ya zama ƙwallo a hannunta.

Inno ta buɗe baki, sai ta ga Abu tsaye a kanta, ta mayar ta rufe. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka.

Zanen kuwa ya fito. Lalle ya kama jawur, ga layuka masu haske sun bazu a kan idon sawu suna haye juna, ga wani mai faɗi ya taso daga diddige. Wata ta rangaɗa guɗa. 'Yan mata suka yi layi wajen Dije kowa na cewa irin na Inno take so, Dije na ta washe baki tana cewa ai sai an samo mata salatif ɗin birni. Ta kawo mai ta shafe ƙafar Inno har tana ƙyalli. Mata suka ce sai Inno ta tashi ta taka a ga ado, kuma da yake mai ƙarya ba ta da zaɓi, ta tashi ta taka. Masu kiɗan ƙwarya suka ga abin nema ya samu suka saki kiɗi, ta ɗan juya, ta kuma juyawa, Abu na tafa mata.

Da safe ƙafar ta ba ta amsa. Ta yunƙura za ta fita alwala, ta dafa ƙasa da ita, sai ta koma ta zauna a bakin gado. Kumburin ya dawo, ko da yake bai kai na farko ba. Haka Abu ta shigo ta same ta, hawaye na bin kuncinta, ita da ko ranar da aka kai mijinta makwanci sai da ta shige ɗaki ta yi kukanta.

Abu ta dubi ƙafar, ta dubi tsohuwa, ta gane komai. Ta zauna kusa da ita.

“Ashe ciwo na kika ɓoye, har kika yi muna rawa bisa shi? Inno, don Allah mi kika ɗauke ni?”

“Na ɗauke ki mai jiran in hwaɗi.”

Abu ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta goge ido ta yi maganar da ta fi zafi saboda gaskiya ce. Ta ce ita ba ta ƙwace wa kowa komai, amma ba za ta bari a ɗauki tsohuwa a kai ta tsakiyar fadama ta zube a laka da amarya a hannu ba. In ƙafa ta ɗauke ta daga ɗakin nan zuwa zaure ba sanda, hannun amarya nata ne. In ba ta ɗauke ta ba, sai haƙuri.

Maganar ta kai ɗakin da amarya take lulluɓe cikin ƙawaye. A al'ada ranar nan amarya ba ta fita, ba ta ɗaga ko tsinke. Halimatusa'adiya ta yaye mayafi ta ratsa tsakar gida da waya a kunne, mata na kiranta ba ta waiwaya ba. Ruth ta ji labari daga Kalgo, ta ce ga marasa lafiya a layi ba ta da halin tasowa, kuma ba ta san yadda za ta kwatanta wa mutum ta waya inda kowane yatsa zai bi ba. Ta ce dai a nuna mata ƙafar ta gani. Aka mayar da kiran na bidiyo, Abu ta riƙe wayar ta saita ta a kan idon sawu.

Sai suka ji Ruth ta fashe da dariya, irin wadda ba ta tsayawa.

“Wa ya yi wanga aiki? Ku gaishe ta. Halima, ai ga hanya nan an zana maki. Duk inda lalle bai kama ba, nan hilasta ta bi. Ɗauko naɗin bisa taga.”

Amarya ta durƙusa a gaban kakarta da sabon leshinta, ta jawo robar ruwa da sabulu. Inno ta janye ƙafa.

“Tashi, ke ɗiyar nan. Amarya ba ta wankin ƙahwar kowa ranar aurenta. Mi mutane za su ce?”

“Su ce ƙawata ta tsuhwa ta bi akuya da gudu. Miƙo nan.”

Ta wanke man da Dije ta shafa sai da fata ta daina santsi, ta tsane ta da tawul. Ruth na faɗa tana yi. Ta auna tsawon da zanen, ta yanka, ta zagaye kusurwoyi da almakashi don kar su kama zane su ɗaga, ta tsaga yatsu. Gindin a manna shi ba ja. Yatsun a ɗora su a kan layi da ɗan ja kaɗan, kamar ba a so. Na farko ya karkace, Ruth ta ce a cire a yanko wani, ba a maimaita wanda ya taɓa fata. Dogon na diddige shi ne aka ja da ɗan ƙarfi a tsakiya, aka saki bakinsa ya kwanta da kansa. Inno na kallon tsakar kan yarinyar, inda kitson amarci ya rabu, da hannayen nan masu baƙin lalle suna murza mata ƙafa a hankali. Ta rasa inda za ta sa idonta, ta hau faɗan cewa ɗakin ya cika da mutane ba iska.

Dije na bakin ƙofa tana ta ba da haƙuri. Abu ta ce ta daina, ai da ba ta ɓare ba da har yanzu ana zaune cikin ƙarya.

Ruth ta ce a ɗaga ƙafar sama a sa ƙanƙara a ƙyalle a ɗora, kar ta taka sai lokacin tafiya. Haka Inno ta wuni a kwance ana ɗaurin aure a waje, tana jin maroƙa daga nesa. Da aka yi azahar motoci suka tsaya a ƙofar gida. Abu ta tsaya a zaure ta harɗe hannu. Inno ta miƙe, ta yi bismillah, ta tako. Da zafi, ba wanda zai ce babu, amma gaɓar ba ta rawa kamar da safe. Ta ratsa tsakar gida tana taku ɗai-ɗai kamar mai jin sarauta, ta iso zaure ta dubi Abu ido cikin ido. Abu ta matsa gefe, ta kamo hannun amarya ta sa a na Inno.

A Kalgo direba ya tsaya a ƙofar asibiti. Ruth ta fito da gudu da farar rigarta, Inno ta miƙo ƙafa ta ƙofar mota, Ruth ta duba ta danna baki ɗaya da ya ɗan ɗaga, ta ce aikin ya yi, amma gobe a kwance za ta wuni ko ta ƙi ko ta so. Ta rungume ƙawarta ta cikin mayafi suka ɗan yi kukansu. Wata daga bayan mota ta leƙo ta tambaya ko ana sayar da salatif ɗin lallen a nan, Ruth ta koma ciki tana dariya.

Rana ta yi sanyi lokacin da suka sauka a bakin fadama. Shinkafa ta yi kore shar hagu da dama, ruwa na kwance a ƙarƙashinta, kunyar kuwa ba ta fi faɗin mutum biyu ba in sun matsu. Inno ta cire takalmi ta ba wata ta riƙe. Ta shiga gaba da amarya a gefenta, mata suka jeru a baya da kaya a ka suna waƙa. Duk wanda ya hango su daga garin zai ce tsohuwa ce ke jan amarya mai lulluɓi. Inno kaɗai ta san yadda hannun da ke cikin mayafin ya tallafe mata gwiwar hannu, yana ɗauke mata nauyi duk lokacin da za ta taka da dama. Abu na biye da su dab, ta bar waƙa, idonta na kan diddigen tsohuwa. Sau ɗaya laka ta ja ƙafar, Inno ta yi tangaɗi, ta ji tafin Abu a gadon bayanta, ta daidaita ta ci gaba kamar ba a yi ba.

Dangin ango suka taro su da guɗa a bakin gari. Aka bi da su har ƙofar sabon ɗaki mai ƙamshin turaren wuta. Inno ta ce wa amarya ta shiga da ƙafar dama, ta yi mata bismillah, suka tsallaka dokin ƙofa tare. Ta zaunar da ita a bakin gado. Ta juya ga uwar ango ta ce ga amana nan, marainiya ce amma ba ta taɓa sanin maraici ba, kar ta fara saninsa a nan. Uwar ango ta ce sun karɓa da hannu biyu.

Saura ta saki hannu a fita, sai hannun ya ƙi. Nasihar da ta yi wata da watanni tana tsarawa ta gudu ta bar ta. Tana tsaye a kan ƙafar da kowa ya yi wa tsoro, ƙyam, amma yatsunta sun ƙanƙame na yarinyar, farin ciki da kewa sun cika mata ƙirji. Abu ta fara share ido da bakin mayafi.

Daga cikin lulluɓi murya ta fito ƙasa-ƙasa, da dariya a cikinta.

“Ƙawata, saki mana. Ai na iso.”

Inno ta ja hanci, ta ɗaga kai ta dubi matan da suka cika ɗakin.

“Na san kin iso,” ta ce. “Ni na kawo ki.”

Sannan ta buɗe hannunta.